"Ko Ka San?": Fashin Baƙi Kan Labaran Ban Mamaki da Ke Yawo a Salulolinmu

Cikin saƙonnin "Ko ka san?" da ke shigo mana salula dare da rana, wanne ne gaskiya, wanne ne ƙanzon kurege? Kuma tunda yawancinsu na nishaɗi ne, me ya kai mu wahalar tantancewa?

Tambayar ta taso ne a fadarmu da ke Zango wani dare bayan isha'i, ana jiran shayi na biyu. Wani ƙanenmu ɗan kabu-kabu ya kunna saƙon murya da aka turo masa a WhatsApp. Mai maganar, cikin natsuwa kamar mai karanta labarai a rediyo, ya jero abubuwa biyar. Wai Damagaram ce babban birnin Nijar kafin Yamai. Wai Hausa daga Larabci ta fito. Wai Einstein, shahararren masanin kimiyyar nan, ya taɓa faɗuwa jarrabawar lissafi. Wai cin karas yana sa mutum ya yar da tabarau. Wai zawon da jariri ke yi lokacin haƙori ba ciwo ba ne, a bar shi zai wuce da kansa.

Nan take gardama ta kaure. Wani malamin lakwal da ke cikinmu ya ce na farkon gaskiya ne, a 1926 Faransawa suka mayar da fadar mulki Yamai, kuma bai yi kuskure ba. Sai na ga sauran huɗun sun samu shiga ta wannan ƙofa. "Ka ji ko, Mushe ma ya yarda," in ji mai salular. Alhali Mushe ɗaya kaɗai ya yarda da shi.

Kala uku a ƙwarya ɗaya

Abin da nake kira labarin ban mamaki shi ne gajeren bayani da ke zuwa ya karya abin da mutum ya daɗe yana zato, ba tare da ya faɗi inda aka samo shi ba. Kala uku ne. Akwai tabbatacce, wanda in ka bi sawunsa za ka tarar da shi a rubuce ko a gwaje. Akwai ƙagagge, wanda babu komai a ƙarƙashinsa. A tsakaninsu akwai wanda ya fi yawa kuma ya fi wuyar kamawa: mai ƙwayar gaskiya a ciki, amma an hura shi har ya zama wani abu dabam.

Masu haɗa irin waɗannan saƙonni, da gangan ko cikin rashin sani, suna zuba ukun a ƙwarya ɗaya su dama. Tabbataccen shi ke tsaya wa sauran. Ni kuwa rabon da na fi ba muhimmanci wani ne: akwai labarin da ke tsayawa a kunne, akwai wanda ke cewa ka sha, ka shafa, ka saya, ko ka ƙi zuwa likita. Na farkon in ƙarya ne an yi asarar hira. Na biyun yana iya cin rai.

Abin mamakin da ke cikin aljihunmu

Bari in fara da tabbatacce, don kada a ɗauka duk abin ban mamaki ƙarya ne. Shiga Kasuwar Dole ka tambayi kuɗin kashin tumatir. Mai talla za ta ce dala ashirin, ka miƙa mata kwabbon da aka rubuta 100 a jikinsa, ba wanda zai ga abin tambaya. Dala hamsin 250 ne, dala ɗari 500, jika kuwa 1000. Baƙon da ya zo daga Kano kan kwana biyu kansa na juyawa kafin ya gane cewa a nan duk abin da baki ya faɗa sai an ninka shi biyar. Yaran da ke sayar da ruwan sanyi a tasha suna wannan lissafi cikin ƙiftawar ido, ba su taɓa jin cewa wani abin gwaninta suke yi ba.

To daga ina wannan dala ta zo? Wajajen 1520, a wani kwari mai ma'adinin azurfa da ake kira Yowakimstal, cikin ƙasar da yau ake kira Jamhuriyar Cek, aka fara buga wani babban kuɗin azurfa. Mutane suka taƙaita sunansa zuwa "tala". Daga wannan kalma dalar Amurka ta samo suna. Daga ita kuma wani kuɗin ya fito mai hoton sarauniyar Ostiriya, Mariya Tereza, wanda fatake suka ratso Sahara da shi har ƙasar Hausa da Barno. Sarauniyar ta rasu a 1780, amma don ƴan kasuwar Afirka da Larabawa sun amince da wannan kuɗi ba sa son a sauya masa kama, aka ci gaba da buga shi da shekarar 1780 a jiki, ko da kuwa bayan shekara ɗari aka buga shi. Nauyinsa giram 28 ne. Da Faransawa suka zo da nasu kuɗin azurfa na faran biyar, mai giram 25, sai mutane suka ga ai kusan ɗaya ne, suka liƙa masa sunan dala. Azurfar ta tafi, faran biyar ya koma ƙaramin kwabbo da ko alawa ba ya saye, amma sunan da lissafin suna nan daram. Bambarawan Mali da Wolof na Senegal ma da biyar-biyar suke ƙirga kuɗi, sai dai su sunan dirhami suka ɗauka.

Kalmar "kuɗi" kanta asalinta jam'in "wuri" ce, wato farin ƙwanson nan da kakanninmu suka yi ciniki da shi, wanda mafi yawansa daga tsibiran Maldib na Tekun Indiya aka kwaso. Duk wanda ya ce "ba ni da ko wuri" tarihi ya faɗa. Wannan ba a turo mana shi a salula, don ba ya tsoratar da kowa kuma ba a sayar da komai da shi. Amma ana iya bin sawunsa: har yau akwai tsofaffin da ke da irin wannan azurfa a cikin adakarsu, ka juya ta ka karanta shekarar da idonka.

Shin Hausa daga Larabci ta fito?

Wannan na cikin masu ƙwayar gaskiya. Kalmomin Larabci sun yi yawa a bakinmu: sunayen ranakun mako, littafi, alƙalami, lokaci, duniya, da ƙirga daga ashirin zuwa casa'in. Amma aro dabam, haihuwa dabam. Kafin mu ari "ashirin", "gomiya biyu" ake cewa. Masana harshe sun sanya Hausa cikin dangin harsunan Cadi, masu sunan Tafkin Cadi, tare da Bolanci, Ngizimanci, Angasanci da wasu fiye da ɗari. Wannan dangi kuma reshe ne na wani babban gida da ya haɗa Larabci, Ibrananci, Amhariyanci, Somaliyanci, Buzanci da harshen tsohuwar Masar. Wato Larabci ba uban Hausa ba ne, ɗan uwa ne na nesa da aka rabu dubban shekaru. Alamun zumuncin suna nan a kalmomin da ba a aro: "mutu", "suna", "me", da "ta" ta mace da muke sakawa a "ta zo".

Mu mutanen Damagaram muna da wani abin lura. Masana da dama na ganin "karatu", "rubutu" da "kasuwa" ta bakin Barebari suka shigo Hausa, abin da bai kamata ya ba mu mamaki ba a masarautar da ta daɗe tana ƙarƙashin inuwar Barno. "Likita" kuwa daga Ingilishi ce, mai magani take nufi, amma mu a nan har ginin muke kira da ita. Lakwal, kaye, kuran da salula na Faransawa ne.

Shahararrun mutane

A nan ƙarya ta fi samun kasuwa, don mai suna ba ya kusa balle a tambaye shi. Einstein bai faɗi lissafi ba. A 1895, yana ɗan shekara 16, ya zauna jarrabawar shiga wata babbar makarantar kimiyya a Zurik, ƙasar Suwizalan, shekarunsa ba su ma kai na shiga ba. A lissafi da kimiyyar fiziya ya yi fice. A wasu darussan ne, har da Faransanci, makinsa bai kai ba. Bayan shekara guda ya shiga. Na san da kyakkyawar niyya ake faɗa wa yaron da ya faɗi jarrabawar birbe ko bak wannan labari don a kwantar masa da hankali, amma gaskiyar ta fi ƙaryar amfani gare shi: mutumin ya koma ya gyara inda yake da rauni.

Mansa Musa na Mali ya je hajji a 1324, ya rabar da zinariya a Alƙahira har darajarta ta faɗi, marubutan Larabawa na wancan zamani sun rubuta haka. Amma adadin dalar Amurka biliyan 400 da ake liƙa wa dukiyarsa wani shafin intanet ne ya fito da shi a 2012. Ba wanda ya auna taskarsa. Sai kuma jita-jitar da ta kai marigayi Muhammadu Buhari, yana shugaban Najeriya, ya tsaya a ƙasar Folan a Disamban 2018 yana shaida wa ƴan ƙasarsa cewa shi ne da kansa, ba wani Jibrin daga Sudan aka sanya a madadinsa ba. In har shugaban ƙasa sai ya rantse shi ne shi, ina ga mawaƙi ko ɗan wasan da ake sanar da mutuwarsa yana zaune yana cin tuwo da iyalinsa.

Inda magana ta shiga jiki

Duk damina, da tafkunan cikin gari sun cika, zazzaɓi ya kama gidaje, za ka ji ana neman mai laifi. Wani ya ce ɗanyar masara, wani ya ce sabon nono, wani ya ce dukan ruwa. Kalmar "palu" da muke faɗa ta fito ne daga "paludisme" ta Faransanci, tushenta kuma kalmar Latin ce mai nufin fadama. "Maleriya" da ake cewa a Najeriya kalmar Italiyanci ce, ma'anarta mugun iska. Wato Turawan ma ɗaruruwan shekaru suka yi suna zargin warin fadama. Sun ga daidai cewa ciwon yana bin ruwa kwance, suka yi kuskuren dalili. Sai a 1880 wani likitan sojan Faransa, Alphonse Laveran, ya ga ƙwayar cutar a jinin maras lafiya a Aljeriya, sannan a 1897 Ronald Ross ya tabbatar a Indiya cewa sauro ke ɗaukarta. Macen wani jinsin sauro ce kaɗai ke yin wannan aiki, da dare ta fi cizo, kuma zazzaɓin ba ya bayyana sai bayan mako guda zuwa biyu. Shi ya sa ba wanda ke tuna cizon, kowa masarar jiya yake tunawa. Masara da palu lokacinsu ne ya zo ɗaya. Mai zargin masara zai hana yaro masara ya bar shi ya kwana ba gidan sauro, ya kuma yi sakaci da maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana ba yara ƴan ƙasa da shekara biyar a watannin damina.

Karas ma haka. Gaskiya ne jiki na samun bitamin A daga gare shi, kuma rashin wannan bitamin ke kawo dundumi, inda yaro ke laluben hanya da magariba ta yi. Hanta, zogale, mangwaro, kabewa da manja duk suna maganin wannan rashi, haka ma ƴar ƙwayar nan ja ko shuɗiya da ake yanke wa baki a matsa wa yara lokacin rigakafi. Amma wanda ke sa tabarau don ba ya hangen nesa, ko tsohon da yana ta rufe wa ido, ko buhun karas ya ci ba abin da zai sauya. Labarin ya samu ƙarfi ne lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da gwamnatin Ingila ta yi ta yayata cewa karas ke sa matuƙa jiragenta gani cikin duhu, a daidai lokacin da take ɓoye sabuwar na'urar hango jirage da ta saka musu.

Wanda ba zan manta ba shi ne na Agustan 2014, lokacin Ebola. Cikin dare guda saƙo ya karaɗe Najeriya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha kafin gari ya waye. Aka yi ta tayar da ƴan uwa daga barci don ƙauna. Aƙalla mutum biyu suka mutu, wasu da dama aka kwantar, ba kuma Ebola ce ta taɓa su ba.

Me ya sa suke gudu haka?

Masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka sun bi sawun labarai kusan 126,000 a Twitter, suka wallafa sakamakon a 2018: ƙarya ta fi gaskiya saurin yaɗuwa da nisan zuwa, kuma mutane ne ke tura ta, ba na'ura ba. Dalilin da suka fi karkata gare shi shi ne sabunta. Abin da bai taɓa shiga kunne ba shi ake ɗokin kai wa wani. An kuma daɗe da sanin cewa maganar da aka ji sau uku tana fara kama da gaskiya ko ba hujja.

A wurinmu akwai ƙarin abu biyu. Saƙon murya ya buɗe ƙofa ga wanda bai yi boko ba, abu ne mai kyau, sai dai murya ba ta da sa hannu ba ta da kwanan wata; saƙon shekara biyar zai dawo kamar na jiya. Na biyu, ba baƙo ke turo maka ba. Kawunka ne, ko aminiyar mahaifiyarka, ko malamin da kake girmamawa. Ƙaryata saƙon sai ya zama kamar ƙaryata mai turowa, kunya kuma ta hana. Kamfanin WhatsApp ya taƙaita turawa zuwa wuri biyar a 2019, ya kuma sa alamar kibiya biyu a kan saƙon da ya sha yawo. Mutane kaɗan ne suka san ma'anar wannan alama.

Masu cewa a bari, da masu cewa a watsar

Wasu na cewa hira ce, a bar mutane su huta, kuma ta nan da yawa suka fara jin tarihin garinsu. Suna da gaskiya a kan labaran da ke tsayawa a kunne. Wasu kuma, galibi ƴan boko, sun ɗauki duk abin da bai fito daga littafin Bature ba a matsayin camfi. Su ma sun zarce. Kinin, tsohon maganin palu, daga ɓawon wata itaciya ta Kudancin Amurka aka samo shi. Maganin palu mafi ƙarfi a yau daga wani ganye ɗan uwan tazargade wata masaniya ƴar Sin, Tu Youyou, ta fitar da shi, aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Zuma na rage tari ga yaro da ya wuce shekara ɗaya, amma ba a ba wanda bai kai shekara ba. Abin da ya raba waɗannan da saƙon salula shi ne an gwada, an auna, an san adadin da ke warkarwa da wanda ke cutarwa. Jiƙa tazargade a kofi bai zama maganin palu ba.

Akwai masu son hukuma ta shiga. Nijar na da dokar laifukan intanet tun 2019, amma ban ga yadda doka za ta shiga tsakanin kaka da jikarta ba. Abin da na fi gani kusa da mu shi ne wanda muka gada a zaurukan karatu na garin nan: isnadi. Malaman hadisi ba sa karɓar magana sai sun san wa ya faɗa, daga wa ya ji. Sun kuma ruwaito cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Almajirin da ya san wannan bai kamata "an ce" ta ishe shi ba a kan lafiyar ɗansa.

Abin da talaka ke biya

Da yawa daga cikin saƙonnin lafiya, in ka saurara har ƙarshe, da lambar mai sayar da magani suke rufewa, "Ko ka san?" ɗin talla ce. Kuɗin cefane ke tafiya can. Sannan in kunne ya saba da "wai", ranar da sanarwar gaske ta zo, misali ta rigakafin sanƙarau da ke tashi a yankinmu lokacin zafi, ita ma sai a jefa ta cikin wai. Amma asarar da ta fi tsada ita ce ta kwanaki, kuma a nan na biyar ɗin can na fadarmu ya shigo.

Haƙori na sa dalala, ƙaiƙayin dasashi da rigima. Ba ya sa zawo kamar ruwa, ba ya sa zazzaɓi mai zafi. Abin da ke faruwa shi ne wajen wata shida, lokacin da haƙori ke shirin fitowa, shi ne lokacin da yaro ke fara rarrafe, yana kai duk abin da ya tsinta baki, ana fara ba shi kunu da ruwa, kariyar da ya samo daga jikin uwa kuma tana raguwa. Ƙwayoyin cuta ke kawo zawon. Maganin farko kuwa gishiri ne da sukari, amma a aune: ƙunshin da ake bayarwa a likita a zuba cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ko in babu, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a cikin lita ɗayar, tare da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14, a kuma ci gaba da ba da nono.

Bara ɗan wata ƙanwata da ke Birni, ɗan wata bakwai, ya kwana biyu yana zawo. Da na leƙa na ce a kai shi likita, sai ta ce, "Yaya, Inna ta ce haƙori ne. Ga shi ma an faɗa a salula, bari in kunna maka." Ban iya musu da Inna a gaban surukai ba, na tafi raina ba daɗi. Washegari da asuba aka buga mini. Na tarar idanunsa sun faɗa, maɗigarsa ta lotsa, yana kuka ba hawaye, ya ƙi kama nono. Uwar ta goya shi muka hau kabu-kabu biyu. Sai da aka yi ta neman jijiya a hannu da ƙafa kafin a samu ta ƙarin ruwa, Inna na tsaye bakin ƙofa da carbi tana share ido da gefen mayafi. Kwana uku suka yi, Allah ya tashi kafaɗunsa. Haƙorin da aka ɗora wa laifi bai fito ba sai bayan wata biyu, guda biyu a ƙasa, kuma makon da suka fito yaron ko zawo ɗaya bai yi ba.